Tarina Ya Fi Nata Ƙara

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga hannun mahaifinki, Malam Isuhu mai awon hatsi a Dakoro, zuwa ga ɗiyata Uwani. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya kai ku Tagriss lafiya, ke da maigidanki, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya haɗa ku da mutanen kirki. Amin.

Bayan gaisuwa, na san za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da ladani ɗaya ke kira muku salla. Na ba Gwaggonki Hajo ta sa miki ita cikin kaya, ki karanta in kin sauka kin huta. Akwai maganar da uba ba ya iya yi da ɗiyarsa ido da ido. Ban da haka kin san ƙirjina, ba ya kai ni ƙarshen dogon zance, sai tari ya tsinke ni a tsakiya. Alƙalami kuwa ba ya haki.

Tun da aka samu ƴancin kai gwamnati ke buɗe lakwal, makarantun boko, ko'ina, ga shi an tura mijinki Mushe Abdu, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, ya koyar da ƴaƴan makiyaya. Aiki ne mai kyau, kuma wurin mace yana inda mijinta yake. Ban hana ba, ba zan hana ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne kin gaji ƙirjinmu, tun kina ƙarama fuka ke kama ki. Gwaggonki kuma ta tsegunta mini halin da kike ciki yanzu. An ce mini can inda za ku babu disfanser, ko ɗan ƙaramin asibiti, kusa. Don haka zan gaya miki abin da ya faru da innarki yadda ni na gan shi. Kina nan aka yi jinyar, na sani, amma ba ki ji abin da aka faɗa mini a Maradi ba. Na kasa maimaita shi ga kowa, don ni kaina ban gama gane shi ba har yau.

Ni da innarki mun daɗe muna tari. Nawa daga ƙurar hatsi ne. Tun ina saurayi nake cikin sito ina awon gero, ina zuba buhu ina ɗinkewa, in fito gemuna fari fat kamar na tsoho. Nata kuwa daga hayaƙi ne. Kin san ɗakin da take suyar gyaɗa tana matsar mai, kin san yadda karan gero ke hayaƙi in bai bushe ba. Shekara da shekaru tana ciki.

Tarina mai ƙara ne. In na fara, maƙwabta na ji ta bayan katanga, har a aiko a yi mini sannu. Nata ɗan ƙarami ne, busasshe, kamar mai gyaran murya. Kowa a gidan nan, har da ita, ya ɗauka ni ne marar lafiya. Ni ake dafa wa sassaƙe, ni ake hana fita da sanyin safiya. Na tuna wata rana ta kawo mini ruwan zafi a zaure, ta aje kwanon, sai ta dafa bango ta tsaya tana haki. Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Kaina ne ya ɗan juya."

Na ce, "Ki zauna mana."

Ta ce, "In na zauna wa zai sauke tukunya? Kai dai sha, kada ya huce."

Daga madafa zuwa zaure ne fa ta yi wanga haki. Na gani da idona, amma da yake ban ji tari ba sai na sha ruwana. Da kunne muke auna ciwo a gidan nan. To ke kada ki yi haka. In kin ga aikin da kike yi jiya ba wahala yau yana sa ki tsayawa, in kin ji zuciyarki na bugawa kamar ana daka alhali ba ki yi gudu ba, in kin miƙe kin ga duhu, ki faɗa. Ko babu tari ko ɗaya, ki faɗa wa mijinki a ranar.

Sai maganar ƙaho. Wagga ita ta fi ruɗa ni.

Kin san Tanko wanzami, shi ya yi miki askin suna. Duk lokacin da kaina ya yi nauyi, idanuna suka yi ja, ƙirjina ya cushe, nakan kira shi ya kafa mini ƙaho a baya. In ya cire, ka ga jini baƙi ƙirin mai kauri. Wallahi nakan ji sauƙi. In tashi jikina sakayau, in tafi kasuwa. Ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji. Da kasalar innarki ta yi yawa, ƙafafunta suka fara kumbura, sai na ce abin da ya yi mini magani zai yi mata. Na sa aka kira shi, Gwaggonki ta zauna tare da su. Da ya gama ya fito zaure yana wanke ƙahonninsa, sai ya ce mini, "Malam, jinin uwargida bai yi kama da naka ba. Tsararo ne, kamar an sirka."

Na ce, "To mi ke nan?"

Ya ce, "Wataƙila mugun bai fito ba tukuna. Sai an ƙara."

Aka ƙara. Ba sau ɗaya ba. Tanko bai yi da mugunta ba, abin da ya gada ke nan, kuma ni na kira shi. Ita ma ba ta ƙi ba. Bayan kowane ƙaho takan kwana biyu a kwance, mu ce magani ne ke aiki. Ki duba fa, wanzami ɗaya, ƙaho ɗaya, gida ɗaya, ciwon ƙirji iri ɗaya. Ni ya tashe ni, ita ya kwantar da ita. Da wane hankali mutum zai san haka tun farko? Ban sani ba. Abin da na sani yanzu shi ne ke kada ki yarda a fitar miki da jini, ko ƙaho ko tsaga, ko wa ya ce. In wata tsohuwa ta matsa miki a can, ki ce mahaifinki ya hana. Ki ɗora laifin a kaina.

Da abin ya ƙi, na kai ta disfanser ta nan garin. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, bai ma saurari tarinta sosai ba. Ya ce ta buɗe tafin hannu. Ya ja fatar idonta ta ƙasa ya duba. Sannan ya kira ni ya ce in matso in gani. Cikin idon fari ne kamar auduga. Ya ja nawa ya nuna mata, ja wur. Ya ce, "Malam, matarka ba ta da jini."

Abin da tsofaffinmu ke kira fara ke nan. Na san sunan, amma ban taɓa haɗa shi da numfashi ba. Na ce masa, "Ai ƙirji muka kawo." Ya ce ƙirjin ma yana nan, amma wanga shi ya fi gaggawa. Ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya ce ta daina yawo ba takalmi, wai akwai tsutsar da ke shiga ta ƙafa ta je ciki tana shan jini. Ya kuma ba ta wasu ƙwayoyi ya ce ƙarfe ne a cikinsu, ta yi ta sha wata da watanni. Na juya ƙwayar a hannuna ina tunani. Ƙarfe dai da maƙeri ke bugawa? Na ji kunyar in sake tambaya, ga mutane a layi.

Ta fara sha. Ba a jima ba cikinta ya riƙa murɗawa, bayan gidanta ya koma baƙi. Ta tsorata, ta gaya wa Gwaggonki, Gwaggonki ta zo ta same ni. Ta ce, "Yaya, maganin nan ƙona mata hanji yake. Kuma in an ce mutum ba shi da jini, ai sai a tambaya wa ke shanye shi. Ni ban yarda da matar nan mai zuwa sayen mai kullum da yamma ba."

Na ce mata ta bar zancen maita, kada ta jawo mana faɗa da mutane. Amma maganar ƙona hanji ta shige ni. Na ce a dakata da ƙwayar mu gani. Da aka dakata cikin ya lafa, sai muka ce to ashe ita ce. Daga baya aka gaya mini baƙin nan ba komai ba ne, haka maganin ke yi ga kowa, da na koma na tambaya da an faɗa mini da kalma biyu. Disfanser ɗin nan kullum ta gabanta nake wucewa in tafi kasuwa. Ban shiga ba. Ba ƙin magani ba ne, gani nake na riga na gane.

Na karɓo miki irin ƙwayoyin wurin majo, suna cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin zannuwanki. Na gaya masa halin da kike ciki, shi ya ce ki sha. In kin ga baƙi kada ki tsorata. In ciki ya dame ki, ki sha bayan kin ci abinci, kada ki bari. Abin da ba ki gane ba kuma ki tambaya, ko da mutane na kallonki. Mijinki ya iya Faransanci, ki sa shi ya tambaya har sai kin gane da Hausa.

Ranar da ta faɗi a bakin rijiya kina wurin, ba sai na ba ki labari ba. Washegari na sa ta gaban kamiyo, babbar motar da ke kai mini hatsi, muka tafi Maradi. A babban asibiti wani lokotoro ya duba ta, ya ɗebi jininta, ya saurari ƙirjinta. Da ya ji ina tari a bakin ƙofa sai ya ce ni ma in shigo, ya duba ni. Ba ya jin Hausa, akwai mai fassara. Ya ga tabon ƙaho a bayanta, ya tambaya, na faɗa masa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai rubuta wani abu.

Sannan ya ce, ta bakin mai fassara, "Huhunka ya fi nata lalacewa."

Na ce, "To don mi ni ke tsaye ita ke kwance?"

Ya tambayi sana'ata, aka gaya masa. Sai ya ce huhu kamar ƙofar sito ne da iska ke shigowa, jini kuwa shi ne motocin da ke ɗaukarta su kai ko'ina cikin jiki. Ya ce ƙofata ta ƙuntata ƙwarai, amma jikina ya ƙara motoci, har ma sun yi yawa, shi ya sa jinina ke da kauri, shi ya sa ƙaho ke sa in ji sauƙi. Ita kuwa ƙofarta ta ƙuntata, motocin kuma sun ƙare, sai zuciya ke ta gudu don ta cike gurbi har ta gaji. Ya ce ya daɗe yana lura, cikin masu tsohon ciwon ƙirji da ke zuwa wurinsa, waɗanda jininsu ya yi ƙasa su ke riga tafiya, ko da tarinsu bai kai na wasu ba.

Na gane misalin mota, sana'ata ce. Abin da ban gane ba, don mi jikina ya san ya ƙara, nata bai sani ba? Na tambaya. Ya ce jiki ba ya ƙera jini da iska, sai da abin da aka ba shi. Ya lissafa haihuwa, da ɓarin da ta yi bayan ƙanenki, da masassarar damina, da tsutsa, da ƙaho. Ya ce shi kansa tsohon ciwon yana hana jiki yin jini. Na ce to wanne ne daga ciki? Ya ɗaga kafaɗa ya ce duka. Sai ya ce, "Mi take ci?"

Na ce, "Abin da muke ci. Gidana ba a rasa nama ba."

Ya ce sai an ƙara mata jinin wani. Na miƙa hannuna nan take, na ce ga wanda ya yi yawa, a ɗiba. Suka gwada, suka dawo suka ce nawa da nata ba iri ɗaya ba ne, in an sa mata zai cuce ta. Uwani, wagga magana ta tsaya mini a rai. Matar da muka yi zaman shekarun nan duka, muka haife ku, a ce jinina baƙo ne a jikinta. Ga shi ina da shi har ya yi mini yawa, Tanko na zubar da shi a ƙasa, ita tana mutuwa don rashinsa, kuma ba halin in ba ta. Na fita na zauna gindin wata bishiyar bedi a harabar asibitin, na rasa ma addu'ar da zan yi.

Aka aika garin Ɗan Gulbi aka kira kawunki Mamman. Ya zo a tsorace, don an gaya masa wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara noma. Ya shiga ya ga yayarsa, ya fito ya naɗe hannun riga. Nasa ya dace. Ga shi nan har yau yana nomansa, kin gani. Ki riƙe zumunci da shi da ƴaƴansa, kuma in wata rana aka ce wani na bukatar jini, kada ki bari a tsorata mutane da zancen banza.

Bayan an ƙara mata, sai ga innarki ta tashi zaune tana tambayar wa ke kula da awakinta. Leɓunanta suka yi ja. Muka dawo gida, kin tuna, har ta yi mana tuwo da hannunta, har ta je suna a unguwa. Na ce shi ke nan, an gano ciwon, an kashe shi. Da za mu baro Maradi lokotoro ya ce mini zuciyarta ta riga ta wahala, in lallaɓa ta, in dawo da ita bayan wata biyu. Na ga tana dariya, ga kaka ta kama, hatsi na shigowa, na ce bari a gama awo. Kafin a gama mura ta kama mu, ni da ita, a mako guda. Ni na yi ta tarina mai ƙara, na tashi. Ita ta sauka mata a ƙirji, ba ta tashi ba.

Mutane sun zo gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne, na yi imani, babu mai wuce ranarsa. Amma in na zauna ni kaɗai sai in rasa sunan abin da ya ɗauke ta. Ƙirji ne? Ga nawa ya fi muni, ina nan ina rubutu. Jini ne? Ai an ƙara mata. Da na mayar da ita Maradi da ta kai yanzu? Na tambayi majo, ya ce shi ba zai iya cewa ba. Na tambayi liman, ya ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma tambayar ba ta bar ni ba. Abin da zan iya ce miki kawai, jin sauƙi ba warkewa ba ne. In an ce ki koma, ki koma, ko kina jin kamar ki yi tsalle. Kuma kada ki jira watanki ya tsaya kafin ki taho gida. Ki zo da wuri, tun kina iya zaman mota, majo ya riƙa duba idonki. Gwaggonki za ta riƙe ki. Na riga na yi mata magana a kan abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, ta yi fushi, ta kuma yarda.

Can za ki samu nono da yawa, an ce har ba a san yadda za a yi da shi ba. Na yi murna da na ji haka, sai majo ya ce nono na da kyau amma ba ya ƙara jini kamar hanta da nama da wake da ganye. Na ce to makiyayan da suka rayu a kansa fa? Ya ce in je in duba idon matansu. Ban je ba, ban san gaskiyar ba. Ki sha nonon, amma kada ki tsaya a kansa. Gwaggonki ta ɗaure miki wake da busasshen zogale. Ki riƙa girki a fili inda iska ke kwashe hayaƙi, kada ki shige bukka da murhu don kunyar idon mutane.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Bayan an share makoki, Gwaggonki ta karɓi girkin gidan. Ni kuma ban sake komai ba, naman da na saba aikowa daga wurin mahauci shi na ci gaba da aikowa. Ina jira in ga ya ɗan yi yawa, tunda baki ɗaya ya ragu. Bai yi ba. Abin da ke zuwa cikin kwanona shi ne dai, na ƙannenki shi ne dai, na baƙin zaure shi ne dai, babu ragowa. Na ɗauka Gwaggonki ke ɓoyewa, har na yi mata tambaya. Ta dube ni ta ce, "Yaya, rabon wa kake nema? Ai ita ba ta taɓa sa wa kanta ba. Romo take zubawa a kan tuwo in kowa ya gama. Hanta kuwa kai take aje wa, wai kai ne marar lafiya."

Ashe abin da na gaya wa lokotoro ba haka yake ba, kuma ban san ba haka yake ba. Ni a zaure nake ci, ita a ciki. Ban taɓa ganin kwanonta ba. An yabe ta a garin nan a kan wanga hali, ni ma na yabe ta, na ce mace ce mai kawaici, ba ta da kwaɗayi. Ke ma haka muka tarbiyyantar da ke. Na sha ganin kina tura wa ƙannenki naki, in ji daɗi a raina in ce ta biyo uwarta. Yanzu ban san ko abin da muka koya miki alheri ne ko cuta ba. Wataƙila duka biyun ne.

Akwai awaki da na sa a ɗaure muku a bayan kamiyo. Ba na kiwo ba ne, na yanka ne, kada ki saba da su har ki ji tausayinsu. In sun ƙare ki aiko, zan ƙaro. Ki nuna wa Mushe Abdu wanga wuri na takardar, don ni da shi akwai kunya, ba zan iya ce masa da baki ba. Abdu, ina roƙonka, ka riƙa leƙa kwanonta. In ta ce ta ci, ka ce ta ci a gabanka.

Ke kuma Uwani, in an yanka, hantar taki ce. Kada ki kai wa baƙo, kada ki aje wa miji, kada ki raba wa yaran maƙwabta. Ki zauna ki cinye tun da zafinta, kafin kowa ya sa hannu a kwano. Za a ce matar mushe ba ta da kunya. Ki bari a ce. Na san ba haka na koya miki ba.

Allah ya jiƙan innarki, ya haskaka kabarinta. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya cika miki jini, ya raba ku lafiya. Ya tsare fitarku da shigarku, ya sa in gan ki da idona kin shigo zauren nan da ƙafafunki. Ƙannenki na gaishe ki. Ki gaida maigidanki.

Wassalam. Ni ne mahaifinki, Isuhu.